Gawon da Ba a Shuka Ba

Itacen da ya tsiro da kansa a cikin shingen wani, na wane ne? Na mai shingen ne, ko na wanda ya kawo irin ba da saninsa ba, ko kuwa na wanda ya tsare shi har ya yi ƙarfi? Ban san amsar ba. Malam Dalhatu ma bai san ta ba a safiyar da yake sunkuye gaban wani ɗan gawo da tsawonsa bai wuce ƙirji ba, yana ɗaura masa lamba ta ɗari bakwai da goma sha ɗaya. Lambar ta kwano ce, shi ya yanka ta da hannunsa, ya buga mata sunan kamfani da ƙusa da guduma. Da ƙaya ta soke shi a yatsa sai ya tsotse jinin, ya ƙarasa ɗaurin, ya matsa gaba. Da hantsi mai duba itatuwa za ta iso, kuma yana so ta tarar da kowane itace da shaidarsa a wuya.

Dalhatu ba manomi ba ne. Ɗan maƙeran Tsafe ne, kuma shekara goma sha tara ya yi a bakin tukunyar narka ƙarfe ta kamfanin rodi da ke wajen Gusau. Kamfanin yana ƙona kwal ya samar da lantarkinsa, ya narka tsofaffin motoci da shi, ragowar wutar kuma ya sayar wa masana'antun da ke maƙwabtaka da shi. Bututun hayaƙinsa biyu ana hango su tun daga Tudun Wada, inda Dalhatu yake zaune da iyalinsa. Yakan ce rabin benayen Gusau a kan rodin da ya wuce ta gaban idonsa suke tsaye, kuma ba ƙarya yake yi ba sosai.

Shekara uku da suka wuce tari ya kama shi, likita ya ce ya nisanci tukunya. A shekarar ce kuma masu sayen kayan kamfanin daga waje suka fara tambayar yawan hayaƙin da yake turawa sama, wannan da aka ce shi ke ɗumama duniya yana rikita damina. Kamfani ya fitar da alkawari a rubuce: zai rage kashi ɗaya cikin uku na hayaƙinsa kafin shekarar 2030, zai kuma shuka itatuwa dubu goma a Karakkai ta ƙasar Bungudu don su shanye wani abu daga cikin saura. Aka sayi fili, aka kewaye shi da waya, aka ba Dalhatu makulli. Ya taɓa tambayar injiniya itace nawa ne zai iya shanye abin da bututu ɗaya ke fitarwa a yini. Injiniyan ya yi dariya ya ce masa ya dai je ya yi shukarsa. Tambayar ba ta bar shi ba, amma aiki in an ba shi, yi yake.

An kawo dashen turare da dogonyaro daga Tsafe cikin manyan motoci, ya jera su da igiya, layi-layi, miƙe kamar rodi. Rani na biyu rijiyar burtsatse ta ƙafe, gara ta gama da abin da ƙishi ya rage. Cikin dubu goma, waɗanda ke numfashi yau ba su cika ɗari huɗu ba. Sai kusurwar arewa kaɗai, inda ba a dasa komai ba saboda dashen ya ƙare kafin a kai can. A nan ne itatuwan gawo suka fito da kansu, ga su kore shar a tsakiyar rani, lokacin da duk filin ya koma launin toka.

Yana kan lamba ta ɗari bakwai da ashirin ya ji sallama daga bayan waya. Jibo ne, makiyayin da rugarsu ke gangaren gulbi, sandarsa a kafaɗa, hannuwansa rataye a kanta. Suka gaisa gaisuwar mutanen da ba sa son juna amma suna tsoron Allah: gida, iyali, gajiya, dabbobi, ba wanda ya tsallake komai.

Abin da ke tsakaninsu ba ɓoyayye ba ne a Karakkai. A ranin farko, lokacin da Dalhatu ya kwanta asibiti, shanun Jibo suka ture waya suka shiga kusurwar arewa, suka yi kwana tara a nan. Jibo ya ce tun zamanin kakansa nan ne makwancinsu bayan an kwashe amfanin gona, mai gonar ma da kansa yake kiran su don taki, har ya ba su damin gero. Dalhatu ya ce yanzu ba gona ba ce, filin kamfani ne. Ya kai ƙara wajen maigari, aka sa Jibo ya gyara wayar da hannunsa, mutane suna kallo, shi kuma Dalhatu yana tsaye yana nuna masa inda bai ɗaure da kyau ba. Da damina ta sauka sai ƙananan ƙayoyi suka cika wurin. Damina ta biyu ya ga sun zubar da ganye ana tsaka da ruwa, ya ɗauka sun mutu, har ya ɗauko magirbi zai tuge su. Jibo ne ya ce masa ta bayan waya ya bar su, haka gawo yake, da damina yake tuɓewa, da rani ya sa riga. Bai gode masa ba, amma ya ajiye magirbin.

Yau Jibo ya zo da buƙata. Ya ce gawon bakin gulbi ya fara zubar da 'ya'ya, shanu suna ci, kuma ga fili fetal babu komai a cikinsa sai matattun sanduna. A buɗe masa ƙofa su riƙa kwana a ciki wata ɗaya, ba za su je kusa da kusurwar ba.

"Ba zan buɗe ba," in ji Dalhatu. "Wanga wuri amana ne."

Jibo ya dubi lambobin da ke ƙyalli a wuyan itatuwa. Ya tambaya mi anka rubuta a jiki. Da ya ji sunan kamfani ne sai ya yi murmushi.

"Ɗan maƙera, ɗan gawo ba shi tsira sai ya bi ta cikin saniya. Ko kamfaninku ya taɓa haɗiye shi?"

Dalhatu ya ce shi ya san wanda ya yi rani biyu yana ɗauko ruwa daga gulbi a jarka, da wanda ya rage su inda suka cunkushe, da wanda ya kori awakin gari. Da ba don shingen nan ba, da ko ɗaya bai kai kwana arba'in ba. Jibo ya ce wannan gaskiya ce, bai musa ba. Ya gyara sandarsa, ya yi masa fatan baƙinsa su iso lafiya, ya gangara.

Da hantsi farar motar kamfani ta iso. Tajuddeen ya fara fitowa, matashin manajan da ke kula da alkawarin hayaƙi, yana riƙe da ƙaramin littafi mai sheƙi. Bayansa wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da takalmin roba da hijabi ruwan ƙasa. Malama Mansura sunanta, ita ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan alkawura ta turo. Tun kafin su shiga Tajuddeen ya buɗe littafin ya nuna wa Dalhatu shafi na uku. Hotonsa ne, tsaye a kusurwar arewa da hularsa ta Juma'a, a ƙasa an rubuta: Malam Dalhatu Tsafe, wanda ya bar wuta ya raya daji. Ya ce an buga babba ma, yana rataye a zauren taro, kuma yau da rana za a kira shi gaban manya. Dalhatu ya daɗe yana kallon shafin. Mahaifinsa ya mutu ba a taɓa rubuta sunansa ko a bakin garma ba.

Tajuddeen ya so su wuce kai tsaye arewa, amma matar ta ce za ta fara daga ƙaramar ƙofar da suka shigo. Ta bi layukan turare ɗaya bayan ɗaya, tana kankare bawo da farce ta ga ko akwai ɗanye a ciki, tana rubutu. Sun fi awa ɗaya a rana kafin su kai ga gawon. Da ta shiga cikinsu sai fuskarta ta saki. Ta ce ita 'yar Wonaka ce, a gonar babanta akwai gawo uku, dawar da ke ƙarƙashinsu ta fi ta ko'ina zangarniya. Ta yaba rage su da aka yi, ta yaba lambobin, ta tambayi wanda ya ƙera. Dalhatu ya ce shi ne.

Sai ta tsaya, ta juya ta dubi layukan baya, ta sake duban inda take. Ta ce abin mamaki, waɗancan duk a kan igiya suke, waɗannan kuwa tsibi-tsibi, a zagaye. Ta tambayi inda aka samo dashen. Tajuddeen ya ce Tsafe, tare da sauran. Ta tambaya da me aka jiƙa irin kafin a shuka, tunda ƙwayar gawo tauri gare ta kamar tsakuwa. Tajuddeen ya ce wannan sai masu lambun. Ta dubi Dalhatu. Shi kuwa ya sunkuya yana gyara wata lamba da ba ta karkace ba. Ta jira kaɗan, sannan ta rufe littafinta ta ce su tafi.

A mota Tajuddeen ya yi ta bayanin sabuwar matatar da za a sa wa bututu na biyu, da hasken rana da za a fara amfani da shi a ofisoshi. Dalhatu yana gaba kusa da direba. Yana ta auna maganar a ransa kamar yadda yake auna ƙarfe da ido. Bai yi ƙarya ba, wani ne ya yi. Kuma ko an ce shi ya raya su, ai ya raya su. Uwar da ta haifa da wadda ta goya, wa ake kira uwa? Amma matar ba renon take tambaya ba. Sun wuce Bungudu, sun shiga Gusau, har suka hango bututun biyu suna aikinsu, bai gama auna ta ba.

Zauren taro ya cika da sanyin na'ura. Hoton yana nan a bango, ya fi shi kansa tsawo. Tsofaffin abokan aikinsa na bakin tukunya sun leƙo ta taga da hulunan kwano, wani yana ɗaga masa babban yatsa, wani yana ce masa Sarkin Daji. Aka ajiye takarda a gabansa. Tajuddeen ya karanta masa da Hausa: ni mai kula da fili na shaida cewa itatuwa dubu ɗaya da ɗari ɗaya da ke raye a Karakkai kamfani ne ya dasa su a ƙarƙashin kulawata. Ya miƙa masa biro. Malama Mansura tana gefe tana shan ruwa, ba ta ko kallonsa.

Dalhatu ya karɓi biron ya jujjuya shi. A shekara goma sha tara bai taɓa barin rodi mai tsaga ya fita da tambarin kamfani ba. Sau biyu yana sa a mayar da lodi guda cikin tukunya, manaja na zagi, shi yana tsaye. Abin da ake girmama shi da shi ke nan a gidan, tun kafin a san zai iya riƙe jarka.

"Ɗari huɗu mu munka dasa," ya ce. "Gawon ba mu ba ne."

Tajuddeen ya yi 'yar dariya ya ce Malam yana nufin 'yan kwangila ne suka dasa. Dalhatu ya ce a'a. Ya ba da labarin yadda yake, da kwana taran, da ƙarar da ya kai, da magirbin da ya ɗauko. Bai rage nasa ba: ya faɗi jarkokin ruwa, ya faɗi awaki, ya faɗi rani biyu. Ya ce a rubuta cewa shanun wani mutum mai suna Jibo ne suka shuka, shi Dalhatu ya rena, in takardar tana da wurin rubuta haka.

Takardar ba ta da wurin. Malama Mansura ta ce abin da za ta rubuta shi ne alkawarin dubu goma ya tsaya a ɗari huɗu. Gawon za ta ambace shi a matsayin abin da ya fito da kansa, kuma abin da ya zo bisa sa'a ba a lissafa wa kamfani shi a cikin cika alkawari. Sai fa in an nuna hanya ce da aka sani, aka maimaita ta da gangan a sauran filin. Ta ce bayan damina biyu za ta dawo, abin da ta tarar a tsaye shi za ta ƙirga. Ta tattara takardunta, ta yi wa Dalhatu sallama da sunansa, ta fita.

Tajuddeen ya ja Dalhatu ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce wata uku ya yi yana haɗa littafin nan, an riga an aika shi Legas. Ya ce shi bai ga wanda gaskiyar nan ta amfana ba: hayaƙin bai ragu ba, itatuwan ba su ƙaru ba, sai dai hoton da za a sauke. Dalhatu ya ce haka ne. Ya tambaya ko kamfani zai yarda shanu su kwana a filin. Tajuddeen ya riƙe kai. Ya ce a wannan zamanin da ba wanda ya yarda da wani, shi ba zai je gaban manya ya ce ya buɗe wa makiyaya filin kamfani ba.

"To ka hana ke nan?"

"Ban ba ka izini ba, Baba. Ban kuma ji tambayar ba."

Da Dalhatu ya fito, masinja ya riga ya hau kujera yana kwance igiyar hoton. Abokansa na taga sun koma bakin aiki, sai ɗaya, Hamidu, wanda suka yi shekara goma sha biyu suna karɓar juna a tukunya. Ya ce ya ji komai, kuma shi da shi ne da ya sa hannu ya ci kazarsa. Dalhatu ya ce ai shi ya sa ba a taɓa ba shi makullin komai ba. Suka yi dariya, Hamidu ya raka shi har bakin titi.

Bai nufi Tudun Wada ba. Ya yi azahar a masallacin tasha, ya shiga motar Bungudu, aka matse shi tsakanin wata tsohuwa mai kaji da buhun gishiri. Ta madubin baya yana ganin hayaƙin yana tashi, yana lanƙwasa yamma. Ya san ko da filin nan duka ya cika da gawo, ba zai shanye na mako guda ba. Wannan nauyin na masu bututu ne, su za su amsa shi. Nasa shi ne eka talatin na ƙasa tsirara da aka ba shi makullinsu. Daga Bungudu ya hau ɗan acaba, ya ce a wuce da shi gangaren gulbi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa rugar. Jibo yana zaune a kan tabarma yana tufka igiya, shanu sun dawo daga gulbi suna tsaye suna tuƙa. Aka sake gaisuwa tun daga farko, ba a tsallake komai ba. Aka kawo masa nono a ƙwarya, ya sha. Sannan ya yi magana yana kallon shanun, ba mai su ba. Ya ce ya duba ya ga filin yana buƙatar taki. Za su shiga daga yau, amma da sharaɗi: kwana uku-uku a kowane wuri, shi zai nuna inda za su kwanta, za a fara daga kudu. Za a sare ƙaya a kewaye kusurwar arewa kafin gobe. Kuma kullum sai sun biya ta ƙarƙashin gawon gulbi sun ci sun ƙoshi kafin su shigo. Da saukar ruwan farko su fita, ba su ba filin sai wani rani.

Jibo bai daina tufkar ba. Ya tambaya ko baƙuwar ce ta ce a yi haka. Dalhatu ya ce ba wanda ya ce. Jibo ya tambaya ko za a sake kai shi wajen maigari in wata ta goga ƙaho a waya. Dalhatu ya ce in ta ture, tare za su ɗaure.

"Da safe amana ce," in ji Jibo. "Yanzu mi ta zama?"

"Har yanzu amana ce. Tashi mu tafi, rana na faɗuwa."

Jibo ya ƙarasa igiyar tukuna, ya ƙulle bakinta, ya naɗe tabarma. Ya yi wa shanun wani kira a maƙogwaro, suka juyo. Dalhatu ya wuce gaba da sauri don ya riga su. Kwaɗon ya yi tsatsa a gefen babbar ƙofa, wadda ba a buɗe ba tun ranar da motocin Tsafe suka fita, sai da ya buga shi da dutse. Ya ja ƙyauren biyu har ƙarshe, ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, yana kallon garken yana hawowa.

Farar saniyar da ke gaba ta zo taku biyar daga gare shi ta tsaya. Na bayanta suka tsaya. Ya kaɗa mata hannu ta shigo, ta dube shi kawai tana kaɗa kunne.

"Ba su shiga in mutum na tsaye bakin ƙofa," in ji Jibo daga baya. "Ka ba su hanya, Malam."

Dalhatu ya dubi filin, ya dubi saniyar. Ya sauke hannunsa daga ƙugu, ya koma gefe ya jingina da ginshiƙi.